Azumin Ubangiji da Azumin Madubi

Karatun yau: 1 Sarakuna 19:1-8, Zabura 139:13-16
Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:19-20



Kowace shekara idan ikkilisiya ta shiga kwanakin azumi da addu'a, matasanmu ne a kan gaba. Su ne ke cika kujeru a addu'ar dare, su ne ke riƙe da ganga da makirfo. Muna gode wa Allah dominsu. Amma akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa juna a fili. A cikin matasan nan akwai wadda azuminta ba ya ƙarewa ranar da na ikkilisiya ya ƙare. An yi addu'ar rufewa, kowa ya koma ga tuwonsa, ita kuwa tana nan a kan ruwan zafi da lemon tsami. In ka tambaye ta, sai ta ce Ubangiji ne ya ce ta ƙara kwana bakwai. Bayan bakwai ɗin, wasu bakwai. Mahaifiyarta tana alfahari, mu kuma muna cewa yarinyar nan tana da wutar Ruhu. Alhali abin da take nema da azumin nan a wayarta ta gan shi: siririn ƙugu da shafaffen ciki.

A ɗakin kwanan ɗalibai ɗaya da ita, wataƙila a gadon da ke saman nata, akwai wata 'yar'uwa da damuwarta ta juya baya. Tun tana ƙarama ake kiranta sillan kara. Yanzu aure ya matso, gwaggonni sun fara cewa dangin ango za su ɗauka ba a ba ta abinci a gidansu. Sai ta je kemis ta sayo ƙwayar da 'yan mata ke kira "sha ka fashe", tana haɗiya kowane dare ba da sanin kowa ba.

Ɗaya tana gudun abinci, ɗaya tana tura shi da ƙwaya, amma ubangida ɗaya suke yi wa bauta, wato idon mutane. Saƙon yau nasu ne, da na iyayensu, da na kowane mai bi da ke zaune kusa da su a majami'a.

Ma'auni biyu da ke jan 'ya'yanmu

Ka tsaya a Kabuga da safe ka ga yawan matasan da ke wucewa. Wasu sun nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, wasu suna jiran mota ko adaidaita sahu zuwa sabuwar harabar jami'a a titin Gwarzo. Suna fitowa daga Ɗorayi, daga Janbulo, daga Rijiyar Zaki, daga Sabon Gari. A cikinsu akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu, kuma ma'auni biyu ne ke jan su, kowanne zuwa nasa gefen.

Na farko tsohon ma'auni ne na gida. A wajenmu ana son mace ta cika, amarya ta yi ɓul-ɓul. Ramammiyar yarinya ba ta da sakat: a ce ba ta da lafiya, a ce gidansu babu, wani lokaci har a yi raɗa cewa tana ɗauke da wata cuta. Na biyu kuma ta waya ya shigo, shi yana son siranta. Yanzu ma an haɗa biyun wuri ɗaya: tsakiya kamar ta zanzaro, sama da ƙasa kuma a cike. Da yawa daga hotunan da ke nuna irin wannan siffa an gyara su ne da manhaja, wasu masu su kuma sun sha wuƙar likita. Yarinya tana azabtar da jikin gaskiya don ya yi kama da hoton ƙarya.

Bari in gaya maka abin da ke cikin ƙwayoyin ƙiba. Waɗanda aka fi amfani da su su ne deksametason da saifuroheftadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana sa barci yana kuma buɗe ciki. Na farkon kuwa magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don kumburi da asma da wasu manyan cututtuka, kuma da lissafi yake ba da shi. Wanda ya daɗe yana shan sa haka kawai, fuskarsa za ta kumbura ta zama zagaye, jiki ya tara ruwa, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuma su sirance. Yana jawo hawan jini da ciwon sukari, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki har ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Abin da 'yan biki ke tafa wa hannu suna cewa amarya ta yi kyau, sau da yawa kumburi ne. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba a samo rama.

A ɗaya gefen akwai shayin rage tumbi da ake talla a intanet. Da yawansu ganyen da ke sa zawo ne a ciki, irin filasko. Ba kitse suke fitarwa ba, ruwan jiki ne da gishirin da zuciya ke aiki da shi. Haka nan man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta bayyana a shekarar 2023 a matsayin babbar matsalar lafiya a ƙasa baki ɗaya, domin wasu mayukan suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda. Samari ma ba su tsira ba. Akwai wanda ke kwana a wurin ɗaga ƙarfe, yana shan hoda da allurar da bai san abin da ke ciki ba, don ƙirji ya buɗe. Tushen duka ɗaya ne: mutum ya dubi aikin hannun Allah ya ce an yi kuskure.

Cutar tana da suna

Wani zai ce, "Mai bishara, wannan ai cutar Turawa ce. A garin da mutane ke kwana da yunwa, wa zai ƙi abinci da gangan?" Ɗan'uwa, cuta ba ta tambayar ƙabila ko nauyin aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 14 ne a duniya ke fama da cututtukan da suka shafi cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Likitoci sun san manyan nau'o'i uku. Na farko shi ne anoreksiya, sunan da wani likitan Landan, William Gull, ya ba ta a 1873. Mai ita yana hana kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba, ya rame har ƙasusuwa su fito, amma in ya dubi madubi ƙato yake gani. Ba ƙarya yake yi ba, haka cutar take nuna masa. Na biyu bulimiya, wadda wani likita a Ingila, Gerald Russell, ya bayyana a 1979. Mai ita yakan ci abinci mai yawa a ɓoye cikin ɗan lokaci, sai kunya da tsoro su kama shi, ya nemi fitar da abin da ya ci. Jikinsa na iya zama daidai a ido, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba. Na uku shi ne ci ba ƙaƙƙautawa, inda mutum ke cusa abinci don ya danne baƙin ciki, ya kasa tsayawa ko da ya ƙoshi.

Ga abin da suke yi wa jiki. Al'adar mace takan ɗauke. Gashi ya zube, jiri ya yawaita, mutum ya riƙa jin sanyi a tsakiyar zafin bazara. Ƙashi ya yi rauni a shekarun da ya kamata ya yi ƙwari. Yawan amai yana cinye haƙora, yana kuma rage wani gishirin jini da ake kira fotasiyam, wanda in ya yi ƙasa bugun zuciya kan rikice, har ta tsaya. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Karen Carpenter, mawaƙiyar Amurka da duniya ta san muryarta, ta rasu a watan Fabrairun 1983 tana da shekara 32, zuciyarta ta gaza bayan shekaru tana fama da wannan cuta. Gimbiya Dayana ta Ingila ta faɗa da bakinta a wata hira da BBC a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da bulimiya. Ga suna, ga dukiya, ga kyau, duk ba su tsare su ba. Don haka kada ki ce in kin kai wani nauyi za ki sami kwanciyar rai. Wannan ubangidan ba ya cewa ya isa.

Ta ƙofa ake cin gari

Sunan unguwar nan da muke wucewa kullum yana da darasi. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka tsaya a bayan ganuwar Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ganuwar ta gagari igwarsu saboda kaurinta. Sai suka juya kan ƙofa, suka fasa Ƙofar Kabuga, ta nan suka shiga birni. Duk ƙarfin ganuwa, in ƙofa ta faɗi, gari ya faɗi.

Zuciyarka ma tana da ƙofofi, ido da kunne. Ka ji abin da ya faru a Fiji, wasu tsibirai a tekun Fasifik, inda mutane ke son mace mai jiki kamar yadda muke so. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu mai suna Nadroga. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi bincike a kan 'yan matan sakandare na wurin. A shekarar farko ba ko ɗaya da ta ce tana jawo amai don ta rage jiki. Bayan shekara uku, a 1998, kashi 11 cikin 100 suka ce suna yi. Abincinsu bai canja ba, jininsu bai canja ba, abin da ke shiga ta ido ne ya canja.

Wannan talabijin ne, wanda ake kashewa a je a kwanta. Yau kuwa allon yana ƙarƙashin matashin kai. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun binciken cikin gida na kamfanin. A ciki, kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram yana ƙara musu wannan baƙin cikin. Karin Magana 4:23 ta gargaɗe mu mu sa tsaro a kan zuciya fiye da komai, domin daga can rai ke ɓuɓɓugowa. 'Yar'uwa, wa kika sa gadi a ƙofarki? Sa'a nawa Maganar Allah take samu a yini, sa'a nawa hotunan baƙi suke samu?

Abin da Mai jikin ya ce

A Farawa sura ta 1, Allah ya yi mutum cikin siffarsa, mace da namiji, ya duba aikinsa ya yaba. Bai nemi shawarar kowa a kan tsawo ko launi ko nauyi ba. A Zabura 139 Dawuda ya kwatanta Allah da masaƙi, yana harhaɗa gaɓoɓinsa tun yana cikin mahaifiyarsa, inda babu idon da ya gan shi. Kafin kowa ya ce kin cika rama ko kin cika ƙiba, akwai wanda ya riga ya gan ki ya kuma so ki.

Da Sama'ila ya je gidan Yesse don ya shafe sarki, ya ga Eliyab dogo kyakkyawa, ya ɗauka an gama. Ubangiji ya hana shi, ya nuna masa cewa idon mutum a fata yake tsayawa, nasa kuwa har zuciya yake kaiwa (1 Sama'ila 16). Lai'atu ta yi zaman aure a inuwar kyan ƙanwarta Rahila, mijinta bai so ta kamar yadda ya so ƙanwar ba. Amma ita ce ta haifi Yahuza, kuma daga zuriyar Yahuza Almasihu ya fito. Annabi Ishaya ma, da ya yi annabcin Bawan Ubangiji a sura ta 53, ya nuna cewa ba shi da wata siffa da za ta ja hankalin mai kallo. Mai Cetonmu ya san zafin a dube ka a kau da kai.

Ayar haddacewarmu ta kai maganar ƙarshe. Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne da Ruhu Mai Tsarki yake zaune a ciki, kuma an biya kuɗinsa da tsada, da jinin Yesu. Ɗan haya ba ya rushe bangon gida don maƙwabta sun ce bai yi musu kyau ba. Jikin nan amana ne. Kula da shi, motsa shi, rage maiƙo da zaƙi in likita ya ce, duk wannan riƙon amana ne. Hana shi abinci har ya faɗi, ko cika shi da ƙwaya har ya kumbura, rushe gidan Maigida ne.

Allah mai ciyarwa

Koma ga karatunmu na yau. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya yi nasara a kan annabawan Ba'al 450. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu har Biyer-sheba. Ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Babban annabi ne, amma ya gaji, ya keɓe kansa, ya raina kansa. Me Allah ya yi? Bai fara da tsawa ba, bai ƙara masa azumi ba. Ya aiko mala'ika da gurasa mai zafi da tulun ruwa, ya tashe shi ya ci. Ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashe shi ya ci karo na biyu, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai da ya ci ya sha sannan ya kama hanyar Horeb, inda ya ji muryar Allah.

Haka halin Allahnmu yake. Da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, yarinya mai shekara 12, umarnin da ya bayar shi ne a ba ta abinci (Markus 5). Da jirgin da Bulus yake ciki ya yi kwana 14 a cikin hadari, mutum 276 sun kasa cin komai, Bulus ya roƙe su su ci don lafiyarsu, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya fara ci a gabansu (Ayyukan Manzanni 27). Bayan tashinsa daga matattu, Ubangiji ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa (Luka 24). Abinci ba maƙiyinki ba ne, kyauta ce da ake karɓa da godiya.

Yaya za a bambanta azumin biyu?

Mu masu azumi ne, kuma ba za mu daina ba. Ta azumi da addu'a muka ga sarƙoƙi sun tsinke, muka ga ƙofofi sun buɗe. Amma a Zakariya sura ta 7, Ubangiji ya tambayi mutanen da suka yi shekara 70 suna azumi ko dominsa suka yi. Ashe ana iya yin azumi domin wani dabam. Ruɗanin ma tsoho ne. Katarina ta birnin Siyena a Italiya mace ce mai ƙaunar Allah ƙwarai, amma ta matsa wa kanta da rashin ci har cikinta ya daina riƙe abinci, duk da masu yi mata jagora sun umarce ta ta ci. Ta rasu a 1380 tana da shekara 33. Himma ba ta hana jiki karyewa.

Ka auna azuminka da tambayoyi huɗu. Na ɗaya, yana da ranar ƙarewa? Na Esta kwana 3 ne, na Daniyel mako 3, na Ubangiji Yesu kwana 40, kowanne ya ƙare. Azumin madubi ba shi da ranar sauka. Na biyu, da yamma me kake dubawa, zuciyarka a gaban Allah ko ƙugunka a gaban madubi? Na uku, idan lokacin buɗe baki ya yi, me kake ji, godiya ko tsoro da jin laifi? Na huɗu, ina ya juya fuskarka? Ishaya 58 ta nuna cewa azumin da Allah yake karɓa yana sa mutum ya raba abincinsa da mayunwaci, ya tuna da wanda aka danne. Azumin madubi kuwa yana kulle mutum a ɗaki, ba ya tunanin komai sai jikinsa.

Kada kuma wani ya fake da Matiyu sura ta 6. Yesu ya hana mu tallata azumi don neman yabo. Bai ce ki ɓoye wa mahaifiyarki cewa kin suma a banɗaki ba.

Don haka ina ba da wannan shawara da dukan zuciyata. Wanda ya gane kansa a cikin abin da na bayyana, kada ya shiga azumin abinci sai ya warke. Haka mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon sukari ko gyambon ciki, su nemi shawarar likita tukuna. Allah ba zai rage maka albarka ba. Kana son abin da za ka miƙa? Ka yi azumin waya. Ka ajiye Instagram da TikTok kwana 21, ka ba Maganar Allah wannan lokacin, ka ga abin da zai faru da yadda kake kallon kanka.

Ga iyaye da shugabanni

Baba, Mama, magana zarar bunu ce. Sunan da kuke kiran yarinya da shi cikin wasa, buhun gero, tulu, ƙashi da rai, tsinken tsire, ku kun manta kafin a kwashe kwanuka, ita kuwa za ta ɗauke shi shekara goma. Ku daina gwada ta da ƙanwarta. Gwaggo, Inna, kada hannunku ya miƙa wa amarya ƙwayar ƙiba da sunan gyaran jiki. 'Yan'uwa maza, ku tsarkake bakinku daga ba'a a kan jikin 'yan'uwa mata. Wanda ke neman aure kuma, kada ya ba 'yar mutane sharaɗin ta ƙara ko ta rage kafin ya kawo kaya.

Ku buɗe ido ga alamu. Kullum ta ce ta ci a makaranta. Tana dafa wa kowa, ita ba ta ɗanɗanawa. Da an gama ci sai ta shige banɗaki. Tana sa manyan kaya don ta ɓoye rama, ko kuwa fuskarta ta cika farat ɗaya cikin 'yan makonni. Ta janye daga ƙawaye, ta yawaita fushi da kuka. A aikin bishara na zauna da wata uwa da 'yarta ta faɗi a ajin karatu bayan watanni tana wannan hali. Cikin hawaye ta ce mini, "Mai bishara, ai na ɗauka ruhaniya ce." Kada mu bari wata uwa ta sāke faɗin haka a tsakaninmu.

In kun gani, kada ku yi duka, kada ku yi ɗure, kada ku ce mata wasu suna neman abin da take zubarwa. Ta sani, kuma wannan kunyar ce ke ƙara tura ta ciki. Kada a tsayar da ita a gaban jama'a a ce tana da aljani. Mun gaskata da warkarwa da kuɓutarwa cikin sunan Yesu, za mu ɗora hannu mu yi addu'a, sannan mu kama hannunta zuwa asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14). Allah da ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, shi ne kuma annabinsa ya ce a shafa masa curin ɓaure a kan marurunsa (Ishaya 38). Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Ɗalibi na iya farawa daga asibitin makarantarsa. Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce.

Ku riƙe gargaɗi biyu na likitoci. Wanda ya daɗe yana shan deksametason kada ya daina farat ɗaya, domin jiki ya riga ya dogara da shi, yanke shi haka na iya kai mutum ga halaka. Likita ne zai rage shi sannu a hankali. Haka wanda ya daɗe ba ya ci, ba a cika masa ciki rana ɗaya, a hankali ake mayar da shi ƙarƙashin kulawar asibiti.

Gare ki, gare ka

Idan kana karanta wannan zuciyarka tana bugawa don ka san da kai ake, ka ji ni da kyau. Ba ka fi kowa zunubi ba. Ciwo ne ya kama ka, kuma ana warkewa, musamman in an nemi taimako da wuri. Ƙarfin wannan cuta a ɓoyo yake, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Kafin Lahadi mai zuwa, ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, mahaifiya, ko matar fasto, ko shugaban matasa, ka faɗa masa gaskiya duka. Ki kawo ƙwayar ko shayin a nuna wa likita. Ki goge shafukan da in kin kalla kike tsanar kanki. Ki zauna cin abinci tare da mutane, ko da kaɗan za ki fara. In tunanin kashe kai ya taɓa zuwa miki, kamar yadda Iliya ya roƙi mutuwa, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki faɗa yau.

Akwai tafiya a gabanki, akwai kira, akwai mutanen da Allah zai taɓa ta wurinki, kuma da wannan jikin za ki je musu.

Addu'a

Ya Uba, na gode da ka yi ni da hannunka, ka kuma fanshe ni da jinin Ɗanka. Ka gafarta mini inda na raina aikinka, da inda bakina ya raunata wani a kan siffarsa. Cikin sunan Yesu na karya ikon kowace muguwar kalma da aka faɗa a kan jikina. Ruhu Mai Tsarki, ka tsaya a ƙofar idona da kunnena. Ka ba ni ƙarfin halin faɗar gaskiya da neman taimako. Ka warkar da 'ya'yanmu da ke fama a ɓoye, a gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai, ka ba iyayensu ido mai gani da harshe mai taushi, ka ba likitocinsu hikima. Bari azumina ya zama naka kaɗai, cina da shana kuma su kawo maka ɗaukaka. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.